Gurnani

Da rana ina kasuwar waya,
kan benci, ƙarƙashin laima mai huda uku,
ina buɗe cikin wayoyin mutane da ɗan tsinke,
ina cewa, "Hajiya, ba batir ba ne, wurin caji ne,"
da muryar da ko ƙuda ba za ta kora ba.

Da dare kuwa, Bompai.
Tsohon ɗakin ajiyar fata, har yau warin jima bai fita ba.
Mun jingina katifu huɗu a bango,
mun manna kwalin ƙwai a rufi.
Obinna na bayan ganguna, ƙafafunsa biyu
na dakan da sakwara ba ta taɓa sha ba.
Nazifi ya sassauta wayoyin jita
har sautin ya koma tirela mai hawa gada da lodin siminti.
Janareta na tari a waje,
ya sha lita uku da kuɗin kumallon gobe.
Sunanmu Tsatsa.
Mutum goma sha ɗaya suka taɓa kallonmu,
biyu a cikinsu gyaran wuta ya kawo su.

Ba ihu nake yi ba.
Mai ihu da maƙogwaro yake yi, kwana uku sai jini.
Wannan daga ƙasan cibiya yake tasowa,
kamar ruwan Jakara bayan mamakon Agusta,
baƙi, da leda, da duk abin da gari ya zubar.
Naka kawai ka buɗe baki ka ba shi hanya.

Inna ta ji ni sau ɗaya, ina gwaji a banɗaki.
Washegari ga habbatussauda a shayina,
ga ganyen magarya a bokiti,
ga wani malami daga Gwammaja yana jirana a zaure.
Ya dafa kaina, ya yi karatu mai tsawo,
ya tambayi na ciki sunansa.
Na ce, "Tasi'u ne, Malam. Ni kaɗai ne a ciki."
Ya daɗe yana kallona,
ya ce, to, wannan ya fi wuyar fita.

Baba ya yi shekara ashirin da biyu a majemar Challawa.
Ya ƙare a asibiti, gadon bakin taga,
numfashinsa kamar ana jan buhun tsakuwa a kan daɓe.
Dare shida ina saurare.
A na bakwai aka yi shiru.
Kafin la'asar mun karkaɗe ƙasa daga hannu,
Kawu Ɗanlami ya matse min kafaɗa:
haƙuri, ban da ɗaga murya.
Na haɗiye.
Shekara huɗu abin na zaune ƙasan haƙarƙarina,
ko hayar wata ɗaya bai biya ba.

Obinna ya ɗauka Turanci nake rerawa.
Nazifi ya ce gwaninta ce.
Babu wanda ya taɓa tsintar kalma ɗaya,
alhali Hausa ce tsantsa:
lambar gadon,
sunan maganin da muka kasa saya,
da kuɗinsa, har da naira hamsin ɗin da ke kai.

Ƙarfe ɗaya mai ya ƙare, duhu ya rufe mu a tsakiyar baiti.
Mu naɗe wayoyi da hasken tocila,
in tari adaidaita zuwa Kurna,
direban na tambaya ko mura nake.

Da asuba, a sahu na biyu,
liman ya kai ƙarshen Fatiha,
na buɗe baki, amin ta fito iska zalla.

Na dawo na tarar da kofi a bakin ƙofata.
Zuma da citta. Babu habbatussauda.
Inna na shara, ta ba ni baya.
Ba ta juyo ba ta ce,
"Ranar nan, a banɗaki,
na san muryar.
Shi ya sa na ji tsoro."