Tarar Kwana

Ni ne mai alƙalamin kamfani.
Shekara goma sha ɗaya ina rubuta buhu bisa buhu,
albasar Galmi ta shigo da asuba,
ta fita da la'asar a bayan kamiyo, sai Abijan.
Da bashi ya fi ƙarfin wuyanmu
banki ya ja mu gaban alƙali, nan Tawa.

Alƙali bai ce a yanka ba, ya ce a yi jinya.
Ya naɗa sandik, Madam Zuwera Mayaki,
mace mai tabarau da ƙaramar jaka.
Ya ce mabuɗin mangaza da littafin kuɗi,
kwana takwas, su shiga hannunta.
In takwas ta wuce, kowace safiya jika hamsin.

Alhaji Tankari ya yi dariya har hula ta karkace.
"Mangazar da na tara tun ina dako a kasuwar Tamaske
zan miƙa wa ɗiyar da ba ta san albasa ba sai a miya?"
Ya jefa mabuɗi a aljihun ciki.
Littafi kuwa ya ba ni cikin baƙar leda:
"Harisu, kai ba ka gan shi ba."
Na kai gida, na tura ƙarƙashin katifa,
na kwana bisa bashin mutum arba'in da uku.

Husiye ya zo, ya liƙa takarda a ƙofa.
Awaki suka ci rabi.
Rabin da ya rage ya ci gaba da ƙirga.

Tara ba ta san Juma'a ba, ba ta san Lahadi ba,
ba ta zuwa suna, ba ta zuwa ta'aziyya,
kana barci tana tsaye.
Agali mai gadi, wata huɗu ba albashi,
ya samo gwangwanin madara, kullum tsakuwa ɗaya.
In ya girgiza shi, cikina ke amsawa.

Can ciki albasa ta gaji da jira.
Ta gaba ta yi tsiro, tana leƙen haske ta ƙasan ƙofa,
ta baya ta yi ruwa.
Wari ya tsallaka titi ya gai da mai shayi.
Ɗan Lamso ya zo daga Dogerawa, zuwa na uku,
buhu saba'in yake bin mu.
Ya shaƙa, ya ce, "Gumina ne wannan."
Bai zagi kowa ba.
Da ya yi zagin da na samu barci.

Da tsakuwa ta kai talatin da ɗaya aka koma kotu.
Alƙali bai ɗaga murya ba, lissafi ya ɗaga:
miliyan ɗaya da jika ɗari biyar da hamsin,
daga aljihun Alhaji, ba daga gawar kamfani ba.
Sannan ya duba ta bayan kafaɗar Alhaji, inda nake:
"Mai ɓoye littafi, nasa ne ko ajiya aka ba shi,
gidan kaso na da tabarma daidai tsawonsa."

Da dare na ɗaga katifa.
Gara ta riga ni.
Ta ci sunan Ɗan Lamso, ta bar adadin.
Na ci tuwon Alhaji, ban musa ba,
shi ya biya aikin idon uwata,
kuma ba a kai wa inuwa gatari.
Na daɗe zaune, fitila na ja da baya.
Na ɗauki alƙalami na mayar da sunan a gefe.

Da safe baƙar leda ta hau kabu-kabu tare da ni.
Madam Zuwera ta ƙirga shafi ɗaya-ɗaya,
ta ba ni shaidar karɓa, ba ta ce sannu ba.

Mabuɗi har yau yana aljihun ciki.
Na bi ta gaban mangaza da yamma, na toshe hanci.
Agali ya dube ni, bai tambaya ba,
ya duƙa
yana zaɓen tsakuwa.