Lamba Ta Bakwai

A bakin ƙauyen, can bayan Bukuru,
Chundung ta karɓi ɗari biyar da katin shaidata,
ta rataya min 'yar na'ura a wuya kamar laya.
Ta ce, "In ka ga lamba a jikin dutse, ka danna.
Kar ruwa ya taɓa ta, Malam, huɗu suka rage mana."

Na danna ɗaya.
Wata murya ta shigo kunnena ba sallama,
Hausar rediyo, ba gargada, ba tari:
ga gidan manaja, dubi bututun hayaƙi,
dubi tagogi, ta teku aka kawo su.
Na duba. Akuya ce kwance inda aka ce falo ne,
tana tuƙa, babu ruwanta.

Biyu, sikelin awon kuza, tsatsa ta cinye allurarsa.
Uku, guntun dogo da ya shiga gonar dankali bai fito ba.
A huɗu na tsuguna ɗaure takalmi,
muryar ba ta jira ni ba,
ta wuce da tan kaza, shekara kaza,
ta bar ni kamar wanda mota ta manta a tasha.

In faɗi gaskiya, ba buɗe ido ya kawo ni ba.
Kakana Korau ya baro Kazaure da ƙafa,
ya ɗauki kwano a nan shekara goma sha ɗaya
har gashin tsakar kansa ya yi fushi ya tafi.
Ina yaro nakan shafa wurin, sumul kamar bayan ƙwarya,
ya ce, "Kuza ce ta yi min aski, ko anini ba ta karɓa ba."
Shi nake nema.

Biyar ta ba ni sunan inji da garin da aka ƙera shi.
Shida ta ba ni sunan karen manaja,
ga kabarinsa ma, an kewaye da farin dutse.
Na cire hula, na sosa ƙeya, na mayar.

Bakwai tafki ne.
Kore shar, shiru, gaɓarsa ja kamar sabon yanka,
shingen ƙyarana ya bi gefe guda ya gaji.
Na danna. Muryar ta ce, "A nan ne leburori..."
sai ƙit.
Na jijjiga ta, na bubbuga a tafin hannu,
ko uffan.

"Kullum a nan batirinta ke mutuwa,"
in ji wata tsohuwa mai wanke karas a bakin ruwa.
Ngo Kaneng, haka yara ke kiranta.
Ta matsa min gefen dutsenta, na zauna.
Ta ce uwarta ta hau gaɓar nan da kwano a ka,
ita tana goye, tana shan ƙasa a maimakon nono.
Ta ce akwai waƙar hawa, akwai ta sauka,
ta hawan ba ta da tsawo, numfashi ba ya kaiwa.
Na ce, "Ko kin san wani Korau?"
Ta daɗe tana murza karas guda.
"Ban san shi ba, ɗana. Ba zan yi maka ƙarya ba.
Amma in ya ɗauki kwano, to kalli ruwan nan.
Duk zurfin da kake gani, a ka aka kwashe shi."

Na kalla.
Gajimare ya ratsa ta ciki, sannu, kamar mai kaya.

Takwas zuwa sha biyu ban je ba.
Da la'asar na mayar da na'ura, wandona duk jar laka,
karas biyu a aljihu.
Na ce wa Chundung, "Ku sa muryar tsohuwar can a ciki mana."
Ta yi dariya tana naɗe waya:
"Kakata ce. Sau uku muna kai mata, ta ƙi.
Ta ce mai son ji ya zo ya zauna."