Ɗakin da Ke Bayan Laburare

A Quellón ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu ne 'yan haya.
Ɗakina yana bayan laburare:
kujera biyu, murhun itace, taga ɗaya
mai kallon jiragen masunta a bakin gaɓa.
A ƙofa an rubuta Mai Ba da Shawara,
amma rabin aikina shiru ne.

Ran Talata Baltazar ya shigo,
malamin lissafi ne ya turo shi,
wai barci yake yi a aji.
Shekara sha huɗu. Rigar sanyinsa ta fi shi girma,
ya naɗe hannuwanta har sau biyu.
Ban tambaya ba. Garin ƙarami ne,
kowa ya san mai rigar:
yayansa Efraín, gwanin nutso,
da ya gangara ɗinke raga a gonar kifi
cikin hunturun Yuli,
igiya ta dawo da shi babu numfashi.

Ya ɗosana a bakin kujera
kamar mai shirin tashi kafin ta san da shi.
Shayin da na zuba ya huce a hannunsa.
Minti arba'in, kalma biyu ya ba ni:
"Lafiyata ƙalau."
Na karɓa. Na ce sai wata Talatar.

Ta biyu, ya gyara min zaman itace a murhu,
ya ce ban iya hura wuta ba. Gaskiyarsa.
Ta uku bai zo ba.
Na zauna da kujerarsa muna kallon juna,
ina lissafin yara ɗari huɗu
da ni kaɗai, da likita guda
da ke zuwa daga Castro sau biyu a wata
in hanya ta yarda.

Ta biyar, yana kallon taga ya ce,
"Malama Ximena, da dare ina riƙe numfashi.
Ina ƙirgawa. So nake in san
inda ya kai kafin ya gaji.
Jiya na kai saba'in da ɗaya."

Ruwa na ta dukan kwano.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ga shi yau ya nuna min da yatsa.
Ban ce masa yi haƙuri ba,
haƙurin da aka ba shi ya cika buhu.
Na tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana:
"Kana tunanin bin sa?"
Ya daɗe. Ya ce, "Ban sani ba."
Na ce, "Wannan kayan ya fi kai ɗaya.
Zan kira mahaifiyarka, zan kira likita,
kuma a gabanka zan kira."

Ya yi fushi, ya ce na ci amana.
Na bar shi ya yi.
Gara fushin da ke da murya.

Herminia ta zo daga masana'antar kifi
da takalmin roba, da ƙarni a gashinta.
Ta ce, "Ni ma ba na barci.
Ina jin ka ta bango, na ɗauka karatu kake."
Bango ɗaya, wata huɗu,
kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa dare.

Yanzu muna ƙirga ta wata fuskar:
shaƙa huɗu, saki shida.
Ya ce wasan yara ne. Yana yi dai.
Ban ce ya warke ba, ba ni da wannan labarin.
Har yanzu yakan yi gyangyaɗi a lissafi.

Amma jiya murhu ya yi zafi,
ya tuɓe rigar, ya rataya a ƙusa,
aka kaɗa ƙararrawa, ya fita da gudu.
Sai da ya kai tsakiyar fili sanyi ya tuna masa.
Ya dawo yana haki, ya ɗauka,
ya ce, "Talata."

A bakin ƙofa wata yarinya na tsaye,
tana karanta allon kamar ba ta iya karatu ba.
Na ƙara itace a wuta.