Wat Sittin da Uku

A Maiwurno, bayan lisha,
in fankokin gari sun rage zuƙar wutar Sinnar,
Kawu Sammani kan yaye buhun da ya lulluɓe na'urarsa.
Ta girme ni, ta girmi uwata.
A goshinta an rubuta wat ɗari,
shi kuwa ya ce rubutu ba shaida ba ne.

Sai kwalaben cikinta sun yi ja kamar garwashi
kafin ya taɓa komai.
Ya zare wayar eriya,
ya jona ta gwangwanin mai
da ya harhaɗa shekarar ambaliya.
A nan muryar ke nutsewa, ta koma ɗumi.

"Riƙe littafi, Zulai. Idonki kan allura."

Ya danna mabuɗi, ta zabura,
ta wuce hamsin, tana rawa.
Ya murɗa hagu, ta faɗi.
Ya lallaɓo dama, a hankali,
ta tsaya.

Sittin da uku.

Bara saba'in na rubuta.
Na ce ko mitar ce ta gaji.
Ya ɗora tafinsa a gwangwanin, ya jima,
ya ce a'a, kwalba ce ke tsufa,
irinta kuwa ko a Omdurman an daina gani.

Ya mayar da wayar eriya.
"Hakan ma ya kai Damagaram
in dare ya yarda."
Ya jawo kujera, ya fara kira.
Na ɗora gahawa.