Mudu Ɗaya

A Mil Twal nake sauke kwandunan attaruhu
tun ladan bai yi gyaran murya ba.
Ban yi boko ba, amma na san awo:
in mudu ya zama ɗaya, rigima takan kwanta a kasuwa.

Shi ya sa da Zulai ta ce, Baba,
hukuma ɗaya ce ke tace mu duka,
ɗan Badagiri da ɗan bakin Tafkin Chadi,
na ce madalla.
Na tuna wata bakwai da na yi
ina durƙusa wa wani mai ƙaton tumbi
don rumfar nan da ba ta kai tabarma biyu ba.

Bikin 'yar gwaggonta ya zo, ta ƙi lalle,
wai kada na'ura ta kasa karanta babban yatsanta.
Ranar jarrabawa muka fita ƙarfe huɗu,
ruwa kamar da bakin ƙwarya,
kwandasta na ihun Ikorodu, Ikorodu,
ita tana ta motsa leɓe,
ban san ko addu'a ba ce ko lissafi.
A bakin ƙofa ba wanda ya tambayi 'yar wa ce.
Lamba suka kira, lamba ta amsa.

Sakamako ya faɗo waya muna cin tuwon dare.
Ɗari biyu da sittin da ɗaya.
Tawa, 'yar Iya Risi ta ɗakin gaba, ta bi ta da uku,
suka yi ta tsalle har bokitin alwalata ya kife.

Sai jami'a ta ce ita ma tana da rariyarta.
Na sake kwance bakin aljihu.
Sai takarda ta ce: wace jiha?
Yarinyar da aka yanke wa cibi a Ketu,
mai taya kifi da Yarbanci har a yi mata ragi,
sau biyu tak ta taɓa ganin Funtuwa,
amma can alƙalami ya mayar da ita.

Sale mai shayi ya ce a rushe hukumar kawai,
kowace makaranta ta zaɓi nata.
Na ce Sale, ƙofa nawa zan ƙwanƙwasa?
Da wane takalmi, da kuɗin motar wa?
Wa na sani a Akoka
in ban da mai gadin da ke sayen albasa bashi?
A bar mana mudun nan.
Hannun mai awo nake so a duba,
wanda ke tara wa wani tozo
ya shafe wa wani baki.

Yau kwana arba'in da shida.
Kullum bayan isha'i takan ari wayata,
ta shiga, ta fito, ta ce ba a sa suna ba tukuna.
Nakan ce gobe ma rana ce,
in juya ga kwandunan da suka kwana.
Tumatir dai ba ya jira.
Ita kuwa, na ga ta fara koya.