Lissafin Direba

Takardar da ta zo da ita ta ce
lita ɗaya, kilomita goma sha biyu.
Wanda ya rubuta bai taɓa maƙalewa a Ƙofar Ƙwaya ba,
ana tashi daga masallacin Juma'a,
inji na gurnani, taya ba ta juyawa,
sanyi na hura ƙeyar Alhaji Nalado
yana waya a kan kuɗin siminti.

Baƙa ce wuluk, doguwa, cikinta na shafar ƙasa.
Silinda takwas. Baki takwas ke nan,
kuma babu mai azumi a cikinsu.

Ni ne Tanimu. Makulli a hannuna yake,
da ɗan littafi mai jan bango
inda nake rubuta abin da ta sha.
Litinin: arba'in.
Laraba: talatin da biyar, ba mu bar gari ba,
makarantar yara, banki, gaisuwar mutuwa a Rafindadi,
sai jiran Hajiya a ƙofar tela, awa guda,
ta ce kada a kashe, turarenta ba ya son zafi.
Na raba, na sake rabawa da biro a tafin hannu:
biyar. Ranar sa'a, biyar da rabi.

Da daddare Alhaji ya kira ni falo.
Bai ce in zauna ba.
Ya ɗora takardar kamfani a gwiwarsa,
ya ɗora littafina a kanta,
ya ce, tsakanin biyar da sha biyu akwai bakwai,
ina bakwai ɗin suke kwana?
Na san abin da yake gani:
tiyo a bakina, jarka a bayan gida,
ɗan bumburutu yana ƙirga mini canji.

Ban rantse ba. Rantsuwa ba ta cika tanki.
Na ce, ranka ya daɗe, gobe akwai ɗaurin aure a Daura,
ka karɓi sitiyari.

Muka cika ta har wuya a bakin hanya,
Zulai mai famfo ta rubuta mana shaida.
Na zauna a inda ban taɓa zama ba,
hannuwana ba su san inda za su sa kansu ba.
Muna wuce shingen 'yan sanda ya taka.
Wayyo, ita ma ta iya godiya!
Ta shimfiɗe kamar an zare zare,
bishiyoyin maina suka zama layi ɗaya,
ya wuce tirela, ya wuce bas, ya wuce shekarunsa,
yana dariya irin wadda ban san yana da ita ba.
Ni kuwa idona na kan geji.

Kafin Mashi allura ta rusuna.
A Shargalle ta durƙusa.
Na ga ya gani. Ya ga na ga ya gani.
Ƙafarsa ta ɗaga a hankali,
kamar wanda ya taka sallayar wani da takalmi.

Babba ba ya cewa yi haƙuri.
A dawowa ya miƙo mini makulli,
ya koma kujerarsa ta baya,
can wajen Mashi ya ce, Tanimu,
kashe sanyin nan, iskar Allah ma ta isa.
Gilas ya sauka, ƙanshin gero ya shigo.
Na riƙe ta a tamanin, ba gaggawa,
ta ba mu tara, tana ƙunƙuni.

Na wanke ta, na lulluɓe ta, na yi sallama.
Babur ɗina na jingine a gindin katanga
da litar da na zuba masa tun shekaranjiya.
Na girgiza shi kusa da kunnena.
Akwai saura.