Ƙanƙara a Mabera

Wata biyu ke nan rana na cin Sakkwato ɗanya,
kwalta ta yi laushi, ruwan randa ya koma shayi.
Sai aka ce sabon fim ya iso gidan kallon Ɗan Ige,
wai na bana ne, wai duniya kaf zancensa take.
Naira ɗari uku kujera. Na biya.
Tsakani da Allah, don fanka na biya.

Awa biyu da rabi a ƙarƙashin langa-langa,
janareta na tari a bayan katanga,
wani dodo ya taso daga teku yana tauna birni,
wani siriri mai tabo a goshi ya rantse sai ya hana.

Da muka fito, teburin mai shayi ya zama kotu.

Arzika makanike ya fara, farcensa duk baƙin mai:
"Mota talatin da huɗu na ƙidaya sunka ƙone.
Talatin da huɗu! Ko madubi ba wanda ya ciro.
Ni ko sati ukku ina biɗar fitilar baya guda,
har Kano na aika."
Ya kurɓi shayi kamar mai zaman makoki.

Cika mahauci bai bari ya haɗiye ba:
"Jinin ga ƙarya na.
Shekara ashirin ina yanka a Kara,
jini bai daɗewa ja haka, baƙi shika yi.
Zoɓo na sunka zuba ma yaron ga a riga."

Modi magini dariya kawai yake.
Bene hawa hamsin ya zube kamar tulin kwanoni,
ya ce ko can ma ashe ɗan kwangila
yana rage siminti.

Malam Tukur, da ya bar koyarwa bara,
ya ce shi abu ɗaya ya tsaya masa a rai:
mutum ya faɗo daga jirgin sama,
ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya ci gaba da gudu.
"Ni santsin bayi ya kada ni tun azumi,
har yau mai ɗori na cin kuɗina."

Suka juyo: "Kai hwa, Ladan, mi ka gani?"
Na ce ba laifi.
Ban faɗa musu na yi barci a tsakiya ba.
Ban kuma faɗi wancan wurin ba,
wurin da ba a harbi kowa:
wata tsohuwa ta buɗe ƙofa da asuba,
ƙanƙara na sauka a hankali kamar ana tankaɗe gari,
numfashinta na fita fari.
Ɗakin kallo ya yi tsit.
Yaro mai sayar da ruwan leda ya tsaya da tire a ka.
Can baya wani ya ce, a hankali,
"Ya Allah, ko kwano guda."

A gida na tarar da Hajo bisa tabarma a tsakar gida,
waya a hannu, mafici a ɗayan.
Na ba ta labarin dodo, da motoci, da bene.
Ta ce, "Sun ci abinci?"
Na yi tunani. Ba wanda ya ci.
"Yaron yana da uwa?"
Ban gani ba.
Ta ce to wannan ba fim ba ne, hayaniya ce,
ta koma kan nata, mai kashi goma sha biyu,
inda wata ke neman takardar filinta tun ranar Talata.

Ƙarfe ɗaya na dare, bango na mayar da zafin da ya ci da rana.
Sauro ya zo ya faɗi nasa ra'ayin a kunnena.
Gobe akwai na ƙarfe huɗu.
Ina da ɗari uku a aljihun shuɗiyar riga,
zan ga ko Ɗan Ige zai yarda
ya ɗan tsayar da shi daidai ƙofar tsohuwar nan.